Naɗar kare-karen harshen Firisanci da adana su: amsa ga wata ɗaliba

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a kimiyyar harshe a arewacin ƙasar Holan, kuma an sa ni cikin waɗanda za su fita ƙauyuka naɗar muryoyin masu jin Firisanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, harshen nan yana da ƙamus, yana da gidan rediyo, ana koyar da shi a makaranta. To me ya rage da za a adana? In kuma aikin ya zama dole, wayar hannu ba ta isa ba? Da me zan fara, kuma ina muryoyin za su zauna bayan mun gama?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina son sanin abin da ƙamus da rediyo suka bari a baya, da kuma yadda za ki ɗauko shi ba tare da kin lalata shi ba. Zan fara da na farkon, domin wanda bai san abin da yake farauta ba, ba zai san irin tarkon da zai ɗana ba.

Firisanci harsuna uku ne, kuma masu su ba sa fahimtar juna cikin sauƙi. Akwai na yamma a lardin Fryslân na Holan, mai masu magana wajen 400,000. Akwai na Saterland a jihar Niedersachsen ta Jamus, wanda masu shi ba su wuce kimanin 2,000 ba, a garuruwan Ramsloh da Scharrel da Strücklingen. Sai na arewa a gabar Schleswig-Holstein da tsibiranta, mai mutum 8,000 zuwa 10,000, wanda shi kansa ya rarrabu: Söl'ring a tsibirin Sylt, Fering a Föhr, Öömrang a Amrum, Halunder a Helgoland, sai Mooring da 'yan'uwansa a kan tudu. Ƙamus ɗin da kike magana, mai juzu'i 25 da cibiyar Fryske Akademy ta Leeuwarden ta kammala a 2011, da rediyon Omrop Fryslân, da darussan makaranta, galibinsu daidaitaccen Firisancin yamma suke wa hidima. Karin garin Hindeloopen, mai 'yan ɗaruruwan masu magana, da na tsibirin Schiermonnikoog da bai kai haka ba, da kare-karen Terschelling biyu, ba su cikin wannan inuwa sosai. Kuma an ga yadda abin yake ƙarewa. Ambaliyar teku ta cinye ƙauyen tsibirin Wangerooge na Jamus, mai nasa karin Firisanci, a hunturun 1854 zuwa 1855, mutane da yawa suka koma yankin Varel, wajen 1950 na ƙarshe da ke jin karin tsibirin suka rasu.

Abin da rubutu ke ɓoyewa

Ko a tsakiyar Fryslân, inda harshen yake da ƙarfi, bambancin kare-kare a baki yake zaune. Kalmomin my, dy, wy, by rubutunsu ɗaya ne ko'ina. Mutumin yankin dazuzzuka na gabas, mai karin Wâldfrysk, zai ce mi, di, wi, bi. Mutumin yankin laka, mai Klaaifrysk, zai furta su da tagwan wasali, kamar mei, dei. Wasu bambance-bambancen na kalmomi ne, kamar Asabar da wani ke kira saterdei wani sneon, kuma waɗannan takardar tambayoyi ta isa ta kama su. Tun 1933 J.J. Hof ya zana irinsu a taswira. Na furuci kuwa sai da kunne da awo.

Wanda ya fi jan hankalin masu nazarin furuci shi ne abin da Firisawa ke kira brekking, wato karyewar wasali. Kalmar beam, itace, tana da tagwan wasali mai nauyi a farko, kamar bi-em. A jam'i, beammen, nauyin ya koma ƙarshe, wasalin ya gajarce, sai a ji byemmen. Haka doar, ƙofa, ta zama dwarren a jam'i, foet, ƙafa, ta zama fwotten. A sigar ƙaranta abu, beamke da doarke, karyewar tana nan amma babu ko alama ɗaya a rubuce. A kudu maso yammacin lardin kuma, karyewar mai sautin w ba ta nan, wani wasali ne daban a gurbinta. Tjeerd de Graaf da Peter Tiersma sun auna wannan da na'ura tun 1980, kuma har yau yana cikin abubuwan da ake bibiya, saboda ba kowane matashi ke yin karyewar a duk inda kakansa ke yi ba. Ga darasin aiki a nan: duk kalmar da kika sa a jerinki, ki nemi tilonta da jam'inta da ƙaramar sigarta daga baki ɗaya. Idan tilo kawai kika ɗauka, kin dawo da rabin labari.

Saterland ya fi wannan tsanani. Mu a Hausa tsawon wasali mataki biyu ne, garin da ake zama da garin tuwo, kuma ba ma rubuta shi. Su a wasulan sama, wato i da u, mataki uku aka bayyana: ful, cikakke, fuul, ruɓaɓɓe, fúul, mai yawa. Jörg Peters da Heike Schoormann da Wilbert Heeringa sun auna wasulan garuruwan nan uku daga jami'ar Oldenburg, kuma bambancin na biyu da na uku yana raunana a bakin masu magana da yawa. Ƙamus ɗin Firisancin Saterland na Marron Fort zai gaya miki cewa bambancin ya taɓa kasancewa. Wa ke yinsa har yanzu, a wane gari, da tsawon milisakan nawa, murya ce kaɗai za ta faɗa.

Wa za a naɗa, kuma wa zai yi tambaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin tsofaffi kawai. Tsohuwa mai shekara tamanin tana da daraja, amma ita kaɗai ba ta nuna inda harshen ya dosa. Abin koyi shi ne aikin da aka yi a Boarnsterhim, wani yanki a Fryslân. Tsakanin 1982 da 1984 Tony Feitsma da abokan aikinta sun naɗi iyalai tsara uku, kaka da ɗa da jika, da Firisanci da Holanci duka. Bayan fiye da shekara 30 Marjoleine Sloos ta koma yankin ta sake naɗa, har da wasu daga cikin mutanen farko. Da haka ake iya bambance canjin da ya faru a cikin al'umma da wanda ya faru a bakin mutum ɗaya. Ku nemi aƙalla mutum biyar ko shida a kowane rukuni na gari da shekaru da jinsi. Ƙasa da haka, ba za ki san ko karin gari kike ji ko ɗabi'ar mutum ɗaya ba.

Sai maganar da ta shafe ki kai tsaye. Kusan kowane Bafirise yana jin Holanci ko Jamusanci kamar harshen uwa, kuma da ya ga baƙo sai ya juya zuwa gare shi don ladabi. Ko ya daure ya ci gaba da Firisanci, zai gyara shi ya matso kusa da na rediyo. Saboda haka kada ke ki jagoranci hirar. Ɗan garin, mai karin garin, shi zai yi tambaya, ke ki riƙe na'ura da takardar lura, ki zauna gefe. Mafi kyau ma a haɗa mutum biyu da suka saba da juna, a ba su zancen da ya shafe su, kiwon shanu, jirgin ruwa, hunturun da ruwa ya daskare, a bar su.

A fara da wannan hira ta sakin jiki, minti 30 zuwa 45, tun kafin mutum ya gane wane sauti ake nema. Bayan nan a nuna hotuna ya faɗi sunayen abubuwa, itace ɗaya, itatuwa uku, ƙaramin itace. Jerin kalmomi shi ne na ƙarshe, kowace kalma a cikin gajeriyar jimla iri ɗaya, sau uku, a cakuɗe. Dalilin jimlar shi ne, mai karanta jeri yana ja da kalmar ƙarshe yana sauke murya, sai tsawon wasali ya ƙaru ba gaira ba dalili. Hoto ya fi rubutu domin Firisawa da yawa suna magana da harshen amma ba su saba karanta shi ba, kuma wanda ya ga daidaitaccen rubutu zai furta abin da idonsa ya gani. Fassara daga Holanci ma tana da nata lahani, tana jawo kalmomi da tsarin jimlar Holanci. Inda fassara take da amfani shi ne kwatanci da tsofaffin bayanai, kamar jimloli 40 na Georg Wenker da aka tattara a ƙauyukan Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, har da na Firisawa.

Waya ko rikoda

Waya ba ta isa aikin awo ba, kuma ba don makirufonta ƙarami ne kawai ba. An ƙera ta don a ji magana a fahimta, shi ya sa take ƙara ƙarfi da rage shi da kanta, tana goge abin da ta ɗauka hayaniya ce, sannan ta matse fayil ɗin. Abin da take gogewa ya haɗa da raunanan sautuka irin su f da h da ƙarshen wasali, wato inda za ki sa iyakar awonki. Saƙon murya na WhatsApp ya fi muni. Idan wani tsoho ya fara ba da labari babu komai a hannunki sai waya, ki naɗa, ya fi babu nesa, kuma zai yi amfani wajen kalmomi da tarihi. Amma ki rubuta a bayanan fayil ɗin cewa da waya aka ɗauka, don kada wani ya cakuɗa awonsa da na sauran.

Abin da ake buƙata bai da yawa: ƙaramin rikoda mai karɓar makirufo na waje, irin su Zoom H5, da makirufo mai rataye a kai ga kowane mai magana, kowa a layinsa. A ajiye kan makirufon santimita 3 zuwa 5 daga gefen baki. In yana gaban leɓe, iskar p da t za ta buge shi. Ana fifita na kai a kan na tebur domin nisansa da baki ba ya canzawa ko mutum ya juya. A naɗa a tsarin WAV, 48 kHz, bit 24. Awa ɗaya a layi ɗaya tana cin kusan megabait 520, layi biyu giga ɗaya da ɗoriya, don haka katin giga 32 ya ishi yini. A kashe daidaita ƙarfi na kai-da-kai, a saita yadda mafi ƙarfin magana zai tsaya wajen -12 dB. Muryar da ta yi ƙasa kaɗan ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta wuce iyaka ta tsage kuwa babu mai ɗinke ta, kuma dariya ce ta fi jawo hakan.

Ki sa abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe. Kunnenki ya saba yin watsi da gurnanin firiji da ƙarar agogon bango, makirufo ba ya yi, kuma gidajen tsofaffin Firisawa ba sa rasa agogo mai kaɗawa. Ki roƙa a tsayar da shi, a cire firiji na awa ɗaya, ki ajiye makullinki a kansa don kada ki tafi ki bar shi a kashe. Ɗaki mai labule da kafet ya fi kicin mai tayil da manyan tagogi, domin amsa-kuwwa tana sa wasali ya yi kamar ya fi tsawonsa. Wayoyi su koma yanayin jirgi. Ki naɗi sakan 30 na shirun ɗakin. Sannan ki lura a takarda idan mai magana yana da haƙoran roba ko mura ko nauyin ji, domin duk suna taɓa furucin s da sautukan hanci, kuma bayan shekara 20 babu mai tunawa.

Tsofaffin kaset

Kafin ku fita, ku tambayi abin da aka riga aka naɗa a garin. Masanin harshe Nils Århammar ya yi shekaru da dama yana naɗar kare-karen tsibiran arewa, Meertens Instituut na Amsterdam yana da tarin muryoyin kare-karen Holan, Omrop Fryslân kuma yana da taskar rediyo ta sama da awa 2,600. Mayar da irin waɗannan zuwa kwamfuta aiki ne na ƙwararru. Ana kwafe su a 96 kHz, bit 24, ba tare da tace komai ba. Ana daidaita kusurwar kan na'ura da kowane kaset, in ba haka ba sautukan sama su dushe. Babban haɗari shi ne gudu. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a sakan, amma rikodan da batirinsa ya yi sanyi ya naɗa a hankali. Kuskuren kashi 3 cikin ɗari yana ɗaga awon 2,000 Hz zuwa 2,060, ya kuma gajarta kowane wasali, sai mai bincike ya ɗauka harshe ne ya canza. Idan gurnanin wutar lantarki ya shiga naɗin, a Turai 50 Hz yake, ana iya gyara gudun da shi. Faifan zare da ya yi danƙo ana gasa shi a ɗumin wajen 50 a ma'aunin Salshiyas kafin a kunna, amma mai warin binega, wanda aka yi da asiteti, zafi kashe shi yake yi.

Rubutawa da aunawa

Nan lokaci yake tafiya. Awa ɗaya ta hira tana iya cin awa 10 zuwa 20 kafin a rubuta ta kalma-kalma, ta furuci kuwa ta ninka haka. Ana amfani da manhajar ELAN ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen don jera rubutu da murya, sai Praat ta Paul Boersma da David Weenink don awo. Ku ware layuka: ɗaya na daidaitaccen rubutu don a iya nema, ɗaya na abin da aka furta a zahiri, ɗaya mai nuna ko kalmar Firisanci ce ko Holanci, ɗaya na fassara. Idan aka haɗe na farko da na biyu, mai rubutu zai riƙa gyara wa tsohuwa maganarta ba tare da ya sani ba, karin nata ya ɓace a cikin taskar da aka gina don adana shi. Wannan ya fi komai damuna a aikin nan, domin ba ya nuna kansa sai an koma an saurara.

Manhajojin da ke yanka murya sauti-sauti da kansu, irin su WebMAUS da Montreal Forced Aligner, suna rage wahala, amma abin da aka rubuta musu suke nema. A Firisancin yamma r tana faɗuwa kafin t, d, n, s, l: bern, yaro, ana furta shi ba r. Idan jerin furucin da kuka ba manhajar yana da r, za ta ƙirƙiro ta, ta yanke ta daga jikin wasali, awon tsawo ya lalace. Haka n kafin s ko f ko j, wadda ke narkewa ta bar wasalin da amon hanci. Dole a rubuta jerin furucin da hannu bisa karin garin, a kuma duba iyakokin da ido da kunne. Aikin FAME! na jami'ar Radboud da Omrop Fryslân da Fryske Akademy ya rubuta awa 18.5 da hannu don koya wa na'ura gane Firisanci da Holanci a cakuɗe, kuma hakan ya sa ana iya neman kalma a taskar rediyon. Don nema yake da kyau. Karin Hindeloopen ko na Schiermonnikoog kuwa, irin wannan na'ura za ta ja shi zuwa abin da ta saba ji.

Wajen awon wasali, abin da ake bi shi ne fomant, wato zangon amon da bakin mutum ke ƙarfafawa. Na farko yana bin buɗewar baki, na biyu yana bin matsayin harshe gaba ko baya. A Praat ana farawa da fomant biyar, iyaka 5,000 Hz ga maza, 5,500 ga mata, a gyara ga kowane mutum. Wasulan baya irin su u da o su ne masu ba da wahala, domin na farko da na biyu suna kusantar juna har manhaja ta ɗauke su ɗaya. Ga tagwan wasali da karyewa, awo a tsakiya kaɗai ba ya faɗin komai, sai an bi tafiyar wasalin, aƙalla a kashi 20 da 50 da 80 na tsawonsa, gara ma wuri goma. Kafin a kwatanta mutane sai an daidaita awon, galibi ta hanyar Lobanov, saboda girman maƙogwaro ya bambanta, kuma Visible Vowels da aka gina a Fryske Akademy tana yin wannan. Akwai iyakar da awo ba ya ƙetarewa: idan muryar mutum ta 1983 ta bambanta da ta yau, tsufa da bambancin makirufo suna da rabo a ciki, kuma ba a raba su da canjin harshe gaba ɗaya.

Inda muryoyin za su zauna

Fayil ɗin da ba a san mai magana a cikinsa ba, kusan a banza yake. Kowane naɗi ya tafi da ranar, garin, na'urar, wanda ya yi tambaya, shekarar haihuwar mai magana, garin uwarsa da na ubansa, harshen da yake yi da matarsa da 'ya'yansa, da shekarun da ya yi a waje. A cike wannan ranar da aka yi naɗin. Lambobin harshe na duniya, fry da stq da frr, ba sa bambance kare-kare, Fering da Mooring duk frr ne, don haka sunan karin da na garin dole su fito daban. Ainihin fayil ɗin WAV ba a taɓa shi, a kwafi ake aiki. A lissafa masa hatimin SHA-256 ranar farko, a riƙa dubawa, ta haka ake gane fayil ɗin da ya lalace a ɓoye. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini. Kwamfutar ɗalibi ko ta sashe ba taska ba ce, ana gama digiri ake manta ta. Wurin zama na dindindin shi ne inda ke ba da lambar da ba ta canzawa, kamar The Language Archive a Nijmegen ko DANS, taskar bayanan bincike ta Holan, tare da kwafi a wurin da mutanen garin za su iya zuwa, irin su Tresoar a Leeuwarden ko Ferring Stiftung a Föhr.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta shafi murya. Takardar amincewa ta raba abubuwa: a adana, masu bincike su saurara, a sa a intanet, a koya wa na'ura da ita. Kowanne da amsarsa, kuma mutum yana da ikon janyewa. Kada ku yi alkawarin ɓoye mutum ɗungurungum. A garin da masu karin ba su wuce ɗari uku ba, kowa ya san muryar kowa. Abin da za ku iya shi ne cire suna daga fayil, ajiye makullin sunayen daban, da rufe sassan da aka ambaci maƙwabta ko rashin lafiyar wani. Ku kuma mayar wa kowane gida da kwafin muryar nasu, domin taska ba ta koya wa yaro harshe, amma jikar da ta ji kakarta tana iya sha'awar tambayar ma'anar kalma.

Kafin ranar fita, ki tambayi shugaban rukuninku wace taska ce ta yarda ta karɓi aikin, ki karɓo fom ɗin bayananta, domin ita za ta faɗi tsarin sunayen fayil da filayen da za a cike. Sannan ki zaunar da abokiyar karatu mai jin Firisanci, ki naɗi minti goma da kayan da za ku tafi da su, ta faɗi beam, beammen, beamke sau uku. Ki buɗe a Praat. Idan kina ganin layukan fomant sarai, suna lanƙwasa daban a tilo da jam'i, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi fari tas take, kayanku sun shirya. Idan akwai baƙin layi kwance a ƙasa, wani abu a ɗakin yana gurnani, sai ki tashi ki nemo shi.